Furar Gwamna

Na fara saninsa yana ɗan sanda a kasuwar Kanan-Bakaché, dogo, marar fara'a. Ba ya duba bakin buhu, sai ya zura hannu har ƙasa. Mu mata masu talla haushinsa muke ji. Da soja suka karɓi mulki muka ji ya yi ta hawa, har aka ba shi gwamnan jiharmu.

A shekarar fari ta biyu aka aiko cewa zai zagaya ƙauyuka ya ga waɗanda za a rubuta cikin masu samun hatsin agaji. Lokacin ina gidan Baba, mijina ya rasu, ƴaƴana uku. Baba shi ne maigari. Watanmu biyu muna cin anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da sai an kwana biyar ana jiƙa su kafin su ciwu.

Me mutanenmu suka yi? Aka share gari, aka ciro rigunan salla. Baba ya sa aka buɗe tukunyar iri, geron da muka ajiye don shuka, ya ce in daka fura, don baƙo ba ya zuwa garinsa ya sha ruwa tsura. Na daka ina kuka, raina a ɓace. Duk wanda ya ga wannan tarba ai cewa zai yi muna da wadata, ya wuce da takardarsa.

Gwamna ya zauna, ya sha furar. Ya tambayi Baba halin gari.

"Lahiya lau muke, ranka shi daɗe," in ji Baba. "Sai godiya."

Na ji kamar in yi ihu. Can sai gwamna ya ce zai kama ruwa, aka shigo da shi cikin gida. Bai nufi bayan gida ba. Madafa ya nufa, inda nake, ya buɗe tukunya ya zura hannu, ya fito da anza.

"Ƙanwata, geron hurar nan, na iri ne?"

Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

Da ya koma gaban jama'a sai ya ɗaure fuska, ya ɗaga murya. "Maigari, na ga garinka lahiya lau yake. Amma umurni ne, duk garin da ke kan hanyar nan sai an sauke mai hatsi da iri. Wanda ya ƙi karɓa, ni da shi ne."

Ban taɓa son mulkin soja ba, kuma ban san abin da ya yi a wasu wurare ba. Na san dai bayan kwana shida mota ta zo, ƴaƴana suka ci tuwo. Baba ya tsaya yana kallon ana sauke buhuna, yana gaya wa dattawa cewa shi fa bai roƙi kowa ba, tilas aka yi masa. Har ya rasu haka yake faɗa, ni kuma ban taɓa gaya masa cewa an buɗe tukunyata ba.