Baƙon da Ba Shi da Gwiwa

Jikata ta zo gidana ne da sunan yaye. Ɗana ya kawo ta daga Kaduna, ya ce ta yi wata guda wurin kakarta ta manta da nono. Ta manta da nono, mu kuma muka manta da maganar wata guda. Yanzu tana neman shekara biyar. Ita ke kawo mini buta, ita ke cinye mini rabin ƙosai, ita ke gaya wa baƙi ina ciki in na ce a ce ba na nan.

Sai dai ba ni kaɗai ne kakanta ba. Akwai uban uwarta a Sabuwa, Alhaji mai sayar da taki, mutum mai yawan shiru da kyakkyawar hula. Bai taɓa cewa a ba shi ita ba, surukai ba sa magana haka. Yakan dai aiko a gaya mana su ma suna da ɗaki, kuma yana fatan yarinya tana samun tarbiyya. Ni na san abin da yake jira. Ranar da ya ga inda zai kama, ya kama.

Ana cikin haka uban yarinyar ya aiko mata da mutum-mutumin wasa a hannun wani direba. Fari ne, bai kai turmi tsawo ba, ba shi da wuya, idanunsa na kamawa kamar fitilar babur. Da rimot ɗinsa ya zo. Ka danna nan ya yi gaba, ka danna can ya yi rawa, ka danna na tsakiya ya tsaya ƙiƙam ya ɗaga hannu ya yi magana. A gida muka riƙa ce masa baƙo.

Da yake na kai aji huɗu a firamare kafin babana ya ga gona ta fi bukatata, ni aka kira fassara. Na saurara da kyau. Na shaida wa mutanen gida cewa sallama yake yi, irin ta waɗanda ba sa jiran a amsa.

Matata ta ce, "To tambaye shi ko ya ci abinci."

Na ce ba mu kai nan ba a makaranta.

Zan yi wa baƙon adalci. A kan siminti yana tafiya kamar ɗan sanda, a kan rairayi kuwa taku biyu ya kifa. Ba ya cin komai sai caji, shi ma a solar maƙwabci. Kaji sun saba da shi da wuri, akuya ce har yau ba su shirya ba. Aibinsa biyu ne, amma manya. Da hagu yake gaisuwa, kuma ba ya durƙusawa.

Ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da limamin unguwarmu ya shigo zaure. Jikata, wadda kakarta ta sha wahalar koya mata durƙuso, ta fito ta tsaya a gabansa ƙiƙam, ta ɗaga hannun hagu, ta yi masa yaren baƙo. Liman ya dube ta, ya dube ni, ya ce Allah ya raya. A makon nan kuma saƙo ya iso cewa Alhaji na nan tafe ganin jikarsa.

Na naɗe baƙon a buhu na kai shi wurin mai gyaran waya a bakin tashar Ƙanƙara.

Ya ce, "Baba, me ya same shi?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ladabi ne babu. So nake ka sa ya riƙa durƙusawa."

Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa ƙafar da farce. "Ai ba shi da gwiwa, Baba. Wannan zane ne kawai aka yi."

"To maida gaisuwar hannun dama."

"Injin a hagu yake."

"Su waɗanda suka ƙera shi, babu manya a garinsu?"

Ya ce bai taɓa zuwa ba. Amma in ina so ya ɗan sunkuya, in bar cajin ya kusa ƙarewa, yakan langaɓe. Na ce wannan ba ladabi ba ne, yunwa ce.

Na dawo na ɓoye shi a rumbu, cikin dawa. Yarinya ta ƙi tuwo, ta ƙi koko, ta zauna a gindin rumbun tana kallona. Kafin azahar kakarta ta ce ko in fito da shi ko ni ma in haƙura da tuwon. Na fito da shi.

Alhaji ya biyo ta Faskari, ya iso da hantsi, don hanyar nan ba mai yarda yamma ta same shi a kanta. Aka yi shimfiɗa a zaure, aka kawo fura, muka tambayi juna gida da damina har muka rasa abin tambaya. Sannan ya ce a kira masa amaryarsa, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki.

Baƙon ne ya fara shigowa, yana taku. Ita tana biye da rimot. Suka tsaya a jere a gaban Alhaji, suka ɗaga hagu tare.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, wacce ce tawa a ciki?"

Na ce, "Mai ɗankwalin, Alhaji."

Baƙon ya soma rawa. Na karɓe rimot ɗin daga hannunta na kashe, na jefa a aljihu.

Na zauna ina jiran ya yi maganar tarbiyya, na ma tanadi amsa. Bai yi ba. Ya ɗauki baƙon ya auna nauyinsa a hannu, ya ce, "Malam, ni ban ga laifinka ba. Baƙon ne ya yi maka yawa a gida. Bari in rage maka nauyi, in tafi da shi."

Na yi godiya.

Ya saɓa shi a hammata ya nufi mota. Kafin ya buɗe ƙofar gaba, jikata ta riga ta shige baya ta zauna.

Alhaji ya ce, "Ikon Allah. Ashe rakiya za ta yi masa."

Bai roƙa ba, balle in hana. Kakarta ta haɗo mata kaya a leda ba tare da ta dube ni ba, kuma ta ci gaba da rashin duba na har bayan tafiyarsu.

Gidan ya yi faɗi. Ƙosai ya riƙa isata har ya yi saura, abin da ban ji daɗinsa ba. Ranar da matata za ta wanke mini riga ta lalubo rimot a aljihu. Ta riƙe shi, ta dube ni karon farko, ta ajiye shi a cikin kwanon da take ɓoye abin da ba ta son a taɓa.

Kwana kaɗan sai ga wayar Alhaji. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. A bayansa ina jin wata murya da na sani tana kuka, irin kukan da ta huta ta sake ɗorawa.

Ya ce, "Malam, baƙon nan tun da ya zo bai ce uffan ba. Yarinya na gaya wa mutane wai na kashe shi."

Na ce, "Assha. Ko sauyin ruwa ne?"

"Ta ce akwai wata 'yar aba mai maɓallai."

"Akwai kamarta a nan."

"To a ba direba gobe."

Na ce, "Alhaji, abin ƙarami ne, ka kuma san direbobin yanzu. Gara mai shi ta zo ta karɓa da hannunta."

Ya ce, "Da wane hannun?"

Na ce, "Wanda ka koya mata. Ai ta kwana biyu a wurinka."

Ranar kasuwa ƙanen uwarta ya kawo ta, ta goyo baƙon a baya da ɗan zane. Ta shigo zaure ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ni, ta tambayi gajiyata, sannan ta miƙo hannu biyu. Ban san abin da aka yi mata a Sabuwa ba, amma aiki ya yi kyau, kuma ban gaya wa Alhaji haka ba. Na aika ciki aka buɗe kwano.

Tana nan har yanzu. Sai dai kwanan baya wani mai kai masara Sabuwa ya gaya mini Alhaji ya aika Kano a nemo masa irin baƙon, amma mai gwiwa. Na koma wurin mai gyaran waya na tambaye shi ko ana yin irinsu.

Ya ce, "Ana yi, Baba. Har sujada wani ke yi in ya faɗi, ya kuma tashi da kansa."