Bakan Gizo a Gonar Baba

Daminar da na fara riƙe waya mai kyamara, ruwa ya ɗauke mana a Geza har gero ya yi yaushi. Wata safiya hadari ya tsallake mu ya yi wajen iyakar Benin, sai ga bakan gizo. Na yar da fartanya na hau ɗaukar hoto.

Baba ya daka mini tsawa: "Ɓarawon da ya shanye muna ruwa kaka ɗauka?"

Na ce ba ya shan komai, hasken rana ne ke ratsa ruwan da ke sauka can.

Ya ce, "To, ka ci hasken."

Har gobe ni ke da gaskiya. Amma Baba ya fito a gefen hoton, ya ba ni baya, kuma ba mu da wani hotonsa. Tun rasuwarsa, in na buɗe, ko kallon bakan gizon ba na yi.