Kwamfutar da Mai Agogo Bai Haɗa Ba

Ranar da aka kwantar da Mai Agogo a asibiti don a cire masa yanar ido, 'ya'yansa biyu suka buɗe durowarsa, suka kwashe kayan kwamfutar da ya yi shekara biyu yana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, suka kai shago aka musanya musu da wadda kamfani ya riga ya haɗa. Ba su tambaye shi ba. Ba su tambayi uwarsu ba, ita tana can bakin gadonsa tana yi masa fifita. Kuma har yau kyauta suke kiran abin da suka yi.

Shekara arba'in da ɗaya mutumin nan ya yi a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai yanka makulli. Faɗin wurin bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa ba. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, farin ƙyalle a shimfiɗe, sai gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa har ya bar masa zobe a fata. In aka kawo agogo ba ya saurin buɗewa. Kara shi yake yi a kunne, ya lumshe ido, ya yi shiru har mai kayan ya fara zaton barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "Ƙura ce," ko kuwa, "Wannan ya taɓa faɗawa ruwa, ko da ba a gaya maka ba." In ya kwance agogo, kowane haƙori, wato 'yan fayafayan ƙarfen nan masu juya juna, da kowane noti sai ya jera su a kan ƙyallen bisa yadda suka fito, sannan ya ɗauko littafi ya zana cikin agogon kafin ya mayar.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi da masu kawo gyara. Ba ya faɗin ranar da aiki zai gama, ba ya kuma faɗin abin da yake jira.

"Malam, yaushe zan dawo?"

"In ka wuce ka gan shi rataye a ƙusar can, ya gama."

"Me ya rage ne?"

"Saura kaɗan."

Saura kaɗan ɗin nan kan kai wata uku. Amma agogon da ya hau ƙusar ba ya dawowa.

Agogon batir ya zo ya rage masa aiki, wayar hannu ta zo ta ƙarasa sauran. Wata rana ya zauna tun safe har yamma, wanda ya leƙo mutum ɗaya ne, shi ma hanyar banɗaki yake tambaya. Ya rufe shagon, ya sa aka kawo masa teburin gida aka ajiye a ɗan ɗakin da ke kallon tsakar gida, tare da littattafan zanensa guda bakwai da wani tsohon agogon bango na katako mai ƙofar gilashi wanda mai shi bai taɓa dawowa ba.

Yana zaman gida ne wata rana ya fita sayen ƙwan fitila, ya bi ta gaban shagon wani mai sayar da kayan kwamfuta da ake kira Dogo. An kwantar da wata kwamfuta a kan kantar shagon, an cire mata gefe. Mai Agogo ya tsaya. Shi da yake ɗauka akwati ne kawai mai zafi da ƙara, sai ya ga ashe gari ne guda a ciki, da tituna siri-siri na azurfa, da gidaje baƙaƙe a jere, da fanka tana juyawa a tsakiya ba gajiya. Dogo ya ga tsoho ya ƙi tafiya, ya ba shi kujera. Da hira ta yi nisa har aka zo kan littattafan zane, Dogo ya nuna masa a allo yadda ake zana haƙori, a zana wani kusa da shi, a taɓa, su kama juyawa tare. Mai Agogo ya koma gida ba ƙwan fitila.

Tun daga ranar ya san abin da yake so. Agogunan nan na cikin littattafai bakwai, waɗanda masu su suka mutu, ko suka jefa su a kwandon shara, yana so ya tashe su su sake tafiya a allon kwamfuta.

Dogo ya ce, "To Baba, ga haɗaɗɗiya nan a kwali. Ka kai gida ka jona, shi ke nan."

"Wa ya haɗa ta?"

"Kamfani mana."

"Ka san shi? Ya wanke hannu kafin ya taɓa?"

Dogo ya yi dariya har da buga kanta. "Haba Baba, sai ka ce tiyata."

"Ban taɓa ɗaura agogon da ban ga cikinsa ba. Ba zan fara da tsufana ba."

Haka zaɓe ya fara. Babban allon da komai ke hawa kansa, wanda su Dogo ke kira madabod, wata huɗu ya yi yana kaiwa da komowa a kansa. Ya koyi cewa ƙwaƙwalwar na'urar ba kowace kujera take zama ba, sai wadda aka yi dominta, ya rubuta lambobin a bayan littafi na bakwai. Dogo ya so ya tura masa wani ƙaton katin hoto, wato abin da ke fitar da hoto a allo, mai fitilu kala-kala, ya ce shi ba wasan harbe-harbe zai yi ba, haƙori yake so ya juya, a ba shi ƙarami mai sanyin hali. Akwatin wuta kuwa babba ya ɗauka, wai abin da ke ciyar da kowa ba a yi masa rowa. Fanka sau uku yana mayarwa. Sai an jona masa, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Tana da tsaki."

"Baba, mutane da ido suke sayen fanka."

"Shi ya sa suke kwana da ciwon kai."

Ta huɗun ce ya saurara ya daɗe, sannan ya ce a naɗe masa. Gidan da za a zuba kayan ma bai saya ba. Tsohon agogon bangon nan ya kwashe wa ciki, ya huda masa ƙofofin iska a baya, ya goge katakon da mai, don in an gama a riƙa ganin komai ta gilashi.

Kullum in rana ta karkata, haske ya shigo ta taga ya kwanta a teburin, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya fito da kayan daga durowa, ya zare su daga ledojinsu ya jera. Ba ya haɗa komai. Kallo yake yi. A ransa ya riga ya ga ranar, ya ga fankar ta tashi ba sauti, allo ya kawo haske, agogon aljihun wani direban jirgin ƙasa da ya gyara yana saurayi ya buɗe a gabansa, girmansa kamar faranti, haƙora suna cizon juna a hankali. Bayansa agogon wata malamar makaranta mai fuskar ruwan zuma. Bayansa na bangon wani ɗakin jira, mai lilo. Duk su cika ɗakin, kowanne da tafiyarsa, shi yana tsakiya yana saurare.

Matarsa, wadda yaran ke kira Umma, takan leƙo da kofin shayi.

"Yau ma ziyara aka kawo musu?"

"Gaisawa muke yi."

"To a gaishe su. A ce musu mai gidan ya bar shayinsa ya huce jiya."

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, kayan sun cika tun watanni shida da suka wuce. Ido ne ya tsaya masa. A kujerar da ƙwaƙwalwar ke zama akwai wasu allurai ƙanana, sun fi gashin gira siranta, in ɗaya ta lanƙwashe allon ya tashi aiki. Duk sanda ya maƙala gilashinsa ya duba, sai ya ga kamar hayaƙi ya rufe su. Mutumin da ya yi shekaru ana roƙonsa ya je a duba masa ido yana cewa lafiyarsa ƙalau, shi ne da kansa ya ce wa Umma ta nemo masa katin asibiti. Ta yi mamaki, ba ta tambaya ba. Ta san wanda take aure.

'Ya'yan ne ba su san uban da ya haife su ba. Babban, wanda tun yana ƙarami ake kira Manaja saboda son ba da umarni, in ya zo gaisuwa sai ya leƙa ɗakin.

"Baba, har yanzu?"

"Saura kaɗan."

A bakin ƙofa sai ya ce wa ƙanwarsa, "Auta, tsohon nan abin ya fi ƙarfinsa, kunya ce ta hana shi faɗa. Shekara biyu yana kiwon ƙarafa. Mu fitar da shi." Ita kuma Auta, da ba ta taɓa ce wa yayanta a'a ba, ta ce to. Sun girma a gidan nan, sun ci sun sha da saura kaɗan ɗin nan, amma ba wanda ya tsaya ya tuna ma'anarsa.

Da aka sallamo shi, kwana biyu ido na rufe da bandeji. Ranar da aka cire, duniya ta dawo masa sabuwa. Ya ga zaren da ke jikin labule, ya ga furfurar Umma ɗaya-ɗaya har ya ce ashe haka ta tsufa, ta ce shi ma ya nemi madubi. Bai zauna ba, ɗakinsa ya nufa. A kan teburin ya tarar da wani baƙin akwati mai sheƙi, an ɗaura masa jan ƙyalle, Manaja da Auta na tsaye a gefe suna murmushi, Auta ta ɗaga waya tana ɗauka.

Ya jawo durowa. Ledoji ma ba a bar masa ba.

"Baba, mun hutar da kai," in ji Manaja. "Wannan ta fi waccan tarkacen sauri, ga garanti na shekara biyu. Dannawa kawai za ka yi."

Mai Agogo ya daɗe yana kallon cikin durowar. Sannan ya mayar da ita a hankali ya ce, "Allah Ya yi muku albarka."

Suka tafi suna jin daɗi.

Bayan fitarsu ya danna. Fankar ta tashi da wani siririn kuka da ya ji har cikin haƙoransa. Ya kashe. Hannunsa da kansa ya lalubo sukudireba, ya juya akwatin, sai ya ga an manna wata 'yar takarda mai ƙyalli a kan notin baya, an rubuta cewa wanda ya yage ta ya zubar da garanti. Ya ajiye sukudireban.

Umma ce ta kasa haƙuri. Washegari da hantsi ta ja shi har shagon Dogo. Suna shiga ya hango allonsa a cikin gilashin kanta, da sabon idonsa, karon farko da ya ga alluran nan tsaf, a jere kamar shuka. Ya dafa gilashin ya tsaya.

Dogo ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Wallahi Baba, ce mini suka yi kai ka aiko su. Na yi mamaki, amma ɗanka ne, me zan ce?"

Umma ta ce, "Da ka yi mamaki sai bakinka ya ɗinke? Mutumin da ya mayar maka da fanka sau uku shi ne zai aiko a ba shi ta kwali?"

"Na yi kuskure, Hajiya. Katin hoton ya riga ya tafi, sauran suna nan. Zan ɓoye su zuwa Asabar, bayan nan ba zan iya riƙe su ba, shagon ba nawa ba ne ni kaɗai. A dawo da na'urar da rasit, kuma don Allah kar a taɓa takardar nan ta baya. In ta yage ba mai karɓa."

Rasit yana hannun Manaja. Umma ta kira shi a waya, ya ce a bari Baba ya saba da ita tukuna, kowa da farko haka yake yi, kuma shi ba zai koma shago yana mayar da kyauta kamar wanda bai san abin da yake yi ba. Auta ta ce ita duk abin da Yaya ya ce. Shi kuwa Mai Agogo ya hana a sake kira, wai yara sun yi don Allah, kar a ɓata musu rai.

Yau Laraba. Tsoho yana zaune a ɗakinsa da idon da aka wanke masa don aiki ɗaya, da akwatin da bai isa ya buɗe ba. Ya kai sukudirebobinsa ɗakin Umma ya ce ta ɓoye, don bai amince da hannunsa ba.

To kai Manaja, da ke Auta, tunda ubanku ba zai faɗa ba, ku ji. Ku fito da rasit ɗin nan. Ku zo da kanku ku ɗauki akwatinku, ku kai shagon kafin Asabar, ku dawo masa da kayansa ɗaya-ɗaya cikin ledojinsu. Katin da aka sayar kada ku saya masa wani, ku kai shi ya zaɓa, ko wata nawa zai ɗauka ku jira. Hoton da kuka ɗauka ranar nan ku goge shi. Kuma in kun ajiye kayan a teburin, ku fita ku ja masa ƙofa.