Mangwarona Yana Bayan Katangar Wani

Shekarun baya na kwashi matata da ɗiyata daga Kebbe zuwa Tambuwal, don in nuna musu lambun gandun daji da na tashi a cikinsa. Na daɗe ina cika musu kunne da labarinsa: giginya, dinya, maɗaci, kowane itace da allon ƙarfe mai sunansa, ga rijiya mai ruwan sanyi. A nan ne ranar dashen itace muna firamare na dasa mangwaro da hannuna, na yi ta ɗaukar masa ruwa har ya kama. Da ya yi ƙwari, ni da abokina muka kafa masa wata ƙatuwar ƙusa, wai don ya yi 'ya'ya da yawa.

Ɗiyata ba ta taɓa yarda ba. Yarinyar da ta ga na kashe ko barkonon da na shuka a tukunya, duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta kalli uwarta su yi murmushi. Wannan murmushin ne ya sa na sha ramukan hanyar Kebbe.

Muka iso, babu lambu. An yanka filaye, an yi gidaje, inda rijiya take wani yana buga bulo. Raina ya ɓaci, na riƙa zagaye ina nuna musu iska: nan giginya take, can dinya take. Ɗiyata ta ce, "Baba, ko dai ba garin ba ne?"

Can na hango kan mangwarona ya leƙo ta saman wata katanga. Na gane shi da reshen da ya karkata gabas. Na doka sallama a ƙofar gidan, wata mata ta amsa daga ciki.

"Mai gida bai nan, ya tai kasuwa Sanyinna. Mi aka so?"

Na ce, "Baiwar Allah, iccen ga da ke gidanku ni na dasa shi. Gani kawai nika son yi."

Ta ce, "To, Malam, gidan matan aure na. Sai ya dawo."

Gaskiyarta, ni ma haka nake so a yi a gidana. Amma itacen da ya girmi katangar da ta tsare shi, yau ni ne baƙo a wurinsa. Matata da ɗiyata suka shige abinsu, na ce wa yarinyar ta duba gindinsa ta nemo ƙusa. Ni kuwa aka bar ni a rana, ko inuwarsa ba ta tsallako waje ba. Ina jin su suna gaisuwa, suna dariya, har da ƙarar faranti. Mai bulo ya tambaye ni ko fili nake nema, na yi kamar ban ji shi ba.

Da suka fito, bakin ɗiyata duk mangwaro. Matata ta ce matar gidan ta ce mijinta ne ya shuka shi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai yarinyar ta riga ni.

"Baba, ƙusarka tana nan. Icce ya kusa haɗiye ta. Akuya sunka ɗaure a jiki."

Ba ta yi murmushin nan ba. Ta miƙo mini guda ɗaya da ta ɓoye a hijabi.

Har yau in na tuna sai haushi ya taso mini, don ban koma ba, ban kuma sake ganin gindinsa ba. Na dai koyi cewa wanda ya dasa itace a filin gwamnati, ladan ne nasa, inuwar ta mai rabo ce. Amma yanzu in na fara labarin lambu a gida, ɗiyata ce ke cewa a yi shiru, ita ta ga ƙusar da idonta.