Wasiƙar da Karimatu Ta Ƙi Bugawa

Bakwai da rabi take hawa bas a Camberwell, takwas ta yi mata a gaban tafireta. Shekara goma sha huɗu ke nan Hajiya Karimatu tana rubuta wasiƙun wata tsohuwar masaƙar lilin a ofishinsu da ke kusa da Charing Cross a Landan. Manajoji biyar sun zo sun wuce, aikinsu sa hannu.

Da kuɗin fetur ya samu, attajiran Kano suka shiga sayen farin lilin bandir-bandir, masaƙar da ta kusa rufewa ta farfaɗo. Babban mai sayensu Alhaji Uwaisu ne. Bara, ana jiran ya tabbatar da oda, sai mahaifiyarsa ta rasu. Manaja, Mista Haddow, ya ce a rubuta masa: layi ɗaya na jaje, sauran maganar kaya.

Katung, mai kula da sito, yana wurin. Shi ya ba ni labari, ya ce ɗauke hannunta ta yi daga tafireta.

"Ranka ya daɗe, wannan ba zan buga ba."

"To, gobe kada ki zo."

"Allah ya kai mu. Yau dai ba a kai wa mai zaman makoki ciniki."

Katung ya raɗa mata, "Hajiya, ga yara, ga hayar flat. Ki buga mana, ai ba ke za ki sa hannu ba."

"Hannunsa ne, Katung, amma Alhaji ya san bakin waye."

Ta rubuta ta'aziyya zalla, ko zare ba ta ambata ba. Ta ajiye wa Haddow, ta fara haɗa kayanta. Haddow ya dubi tarin wasiƙun Kano na Hausa da ba ya iya karantawa, ya sa hannu.

Bayan kwana arba'in Alhaji Uwaisu ya zo Landan da kansa, ya wuce ƙofar manaja yana tambaya, "Ina wadda ta rubuto mini?" Ya ninka oda. Haddow aka ƙara wa girma, kamar yadda aka saba.

Ke ce ginshiƙin da ba a shafa wa fenti, Hajiya. Ni mai wannan rubutu, da na binne matata, wasiƙu sun zo mini da yawa, duk kamar daga littafi ɗaya aka kwafo. Taki kaɗai ta ambaci sunanta.

Jumma'ar nan za ta rufe tafireta, ta bar aiki ta koma gida. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma samarin da ke hanƙoron kujerar manaja, ku je ku zauna kusa da ita. Saura kwana huɗu.