Bindigar Iskar da Ta Ci Kunnen Baba

Babanmu mai facin taya ne a Gaya, a bakin hanyar gada, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan, kafin su tsallaka Benin. Kunnensa ne jarinsa. Sauran masu faci sai sun tsoma tiyub a ruwa sun ga kumfa, shi kuwa kara kunne kawai yake yi, ya ɗora yatsa ya ce, "Ga hujin nan." A gida ma ba mu isa mu yi gulmarsa ba, ko a bayan ɗaki.

Da ƙarfinsa ya fara ja baya, kwance notin manyan tayoyi da hannu ya gagare shi, sai ya tafi sayen bindigar iska, wadda ke kwance su nan take. Iri biyu ya tarar. Mai tsadar gurnani take yi ƙasa-ƙasa, mai arahar kuwa ihu take zabgawa har cikin ƙwaƙwalwa. Mai arahar ya ɗauko, don a lokacin duk muna lakwal, ga kuɗin makaranta a kansa.

Inna ta ce, "Malam, araha fa ba ta ado."

Ya yi dariya ya ce, "Ado na je saye, ko abin neman tuwo?"

Bindigar ta yi aiki, ba zan yi mata sharri ba. Ba ta fashe ba, ba ta cire masa yatsa ba. Da ma hakan ta yi, da tuni mun jefa ta kogi. Sai ta bi shi a sannu. Da farko ya ce yana jin ƙugi a ka, daga baya ya riƙa ƙure rediyo. Wata rana na iske shi durƙushe gaban baho yana tsoma tiyub a ruwa, da ya gan ni ya kau da kai. Likita a Dosso ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Har yau in na ji ƙarar irinta, raina ɓaci yake yi.

Da matata ta haifi ɗanmu na fari, ban gaya wa kowa sunan da na zaɓa ba. Safiyar suna, kafin in je wurin liman, na durƙusa na raɗa wa Baba a kunne cewa shi na yi wa takwara. Ya gyaɗa kai da murmushin nan da ya koya don kada a maimaita masa magana. Aka yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, jama'a suka yi ta miƙa wa Baba hannu. Kowa ya zo sai ya ce, "Madalla, madalla."

Bayan an watse ya jawo ni gefe.

"Kai, wai wane suna aka sa wa yaron ne?"

Na buɗe baki, hawaye suka riga ni. Sai na kama hannunsa na ɗora masa a ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kowa ya ji ke nan, sai ni."