Don Custodio da Robar Bakin Kwazazzabo

Shekara talatin da ɗaya Don Custodio Arancibia ya yi yana tuƙa katafilar share ƙanƙara a hanyar da ta hau dutse zuwa iyakar Ajantina. A can "Don" da "Doña" laƙabin girmamawa ne. Da ya yi ritaya sai ya ƙi sauka gari. Shi da matarsa Doña Berta suka kafa rumfa a gefen titi, tana gasa burodi, shi yana haɗa wa direbobi shayi yana ba su shawarar da ba su nema ba. Taurin kai kam yana da shi, ko Berta ba ta musu. Amma dutsen nan ya san shi ciki da bai.

Gaba kaɗan da rumfar akwai wani kwazazzabo da dusar ƙanƙara ke zaftarowa ta cikinsa. Nan ta taɓa binne abokin aikinsa, ba a ga gawar ba sai da zafi ya shigo. Daga baya an yi wa titin rufin kankare a wurin, motoci suka tsira. Mai tafiya a ƙasa kuwa sai ta Allah.

Wata shekara ya fara ganin 'yan birnin Santiago suna ajiye mota kusa da rumfar, su kafa wa waya ido, su nufi kwazazzabon kamar masu neman mabuɗin da ya faɗi. Da ya bi sawu sai ya tarar da robar abinci a ƙarƙashin wani dutse, da ɗan littafi da fensir a ciki. Ashe wasa ne: wani ya ɓoye, ya sa lambar wurin a intanet, saura su nemo, su rubuta suna, su mayar. Wadda ta ɓoye wannan a watan Janairu ta zo, lokacin zafi a ƙasar, wuri ya bushe har da furanni. Ina za ta sani?

Sanyi na kamawa Custodio ya ɗauke robar. Aka kawo wata, ya ɗauke. Ta uku ma haka. A dokar wasan mai roba kaɗai ke da ikon gusar da ita, don haka aka raɗa masa suna Ɓarawon Dutse. Sunan ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya ce gara a zage shi da ya sake tono mutum.

Wata Asabar a watan Agusta, tsakiyar sanyinsu, bayan kwana uku ƙanƙara na zuba, iska mai ɗumi ta taso. Mai robar, Macarena, ta iso da abokai tara da roba ta huɗu. Suka tarar ya gitta tsohuwar a-kori-kurarsa a bakin hanyar ƙafa.

"Baba, kai ne ɓarawon?" in ji Macarena.

"Ni ne, 'yata. Ga kayanki can kan kanta, ko fensir ban taɓa ba."

"To matsa mana. Waya ta ce yau ba hatsari."

"Wayar taki ta taɓa riƙe shebur?"

Wani mai gemu a cikinsu ya kwashe da dariya. "Tsoho, faɗi gaskiya, burodi kake so mu saya."

"Burodi kyauta ne. Ku ba ni zuwa ƙarfe biyu. In rana ta bugi leɓen ƙanƙarar can sama bai faɗo ba, da ƙafata zan kai muku robar."

Berta ta leƙo daga bakin tanda. "Da wace ƙafar? Wadda nake shafa wa man zafi kullum?"

Suka zauna suna cin burodi suna tsokanarsa. Biyu ta buga, dutse shiru. Biyu da kwata, mai gemu ya fara tafa hannu yana izgili. Custodio ya san in ya sha kunya yau, gobe ba mai sauraronsa. Amma alkawari ya yi. Ya karɓi robar, ya ɗaure takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Berta ta juya baya don kada ta gani.

Bai yi taku ashirin ba aka ji ƙara kamar an harba igwa. Leɓen ya ɓalle, ya jawo rabin gangaren. Ƙasa ta girgiza, farar ƙura ta rufe rumfar har cikin kofunan shayi. Da ya lafa, dutsen da ake ɓoye robar a ƙarƙashinsa ya ɓace, ƙanƙara ta yi tsayin gida a kansa.

Custodio ya dawo fari fat, gira da gashin baki duk ƙanƙara, yana murmushin da ya kasa ɓoyewa. Mai gemu ya cire hula.

"Riƙe robar, Don Custodio," in ji Macarena. "Daga yau kai za ka ɓoye ta."

Sai ta juya tana ƙirga mutanenta da yatsa. Ta kai ƙarshe, ta sake farawa, hawaye na zuba.

"Ku goma ne, 'yata," in ji tsohon. "Na riga ki ƙirgawa."